Yadda za ka yi amfani da kalmar "rope" a Turanci ba tare da ka ɗaure kanka ba

Ranar da na fara aiki a wani sito, an daɗe yanzu, ogan wajen wani Bature ne ɗan Ingila, dattijo, mai saurin magana kamar wanda mota za ta tashi ta bari. Muka gaisa, ya nuna wani matashi da ke jingine a bakin ƙofa ya ce da ni "he'll show you the ropes", ya juya ya shige ofis abinsa. To abin da ya ƙara ɗaure mini kai shi ne, siton nan da gaske akwai igiyoyi a ciki, irin shuɗiyar igiyar robar nan da ake ɗaure tamfol da ita a kan manyan motoci, an nannaɗe an jibge su a lungu har kusan rufi. Sai na ɗauki biro da littafi na bi yaron nan a baya, ni a dole ƙirga za mu je. Ya nuna mini inda ake sa hannu da safe, ya nuna mini ƙusar da ake rataye makullai, ya gaya mini direban da ba a sakar wa kaya sai an ga takarda ko da zai yi ta rantsuwa har gobe, kai har mai abincin da ke ɗaga wa ma'aikata ƙafa zuwa ƙarshen wata sai da ya nuna mini. Aka kira azahar ba mu je wajen igiya ba. Da na gaji na ce masa, malam, igiyoyin fa, yaushe za mu duba su? Wallahi dariyar da ya yi ranar har da zama a kan buhu. Ashe abin da oga yake nufi kawai a nuna mini makamar aiki.

Tun daga ranar na sa wa kalmar nan ido, kuma abin da na lura shi ne tana kayar da mu ta fuska biyu. Ta farko, a firamare an koya mana igiya ita ce rope, shikenan muka riƙe, alhali rabin abubuwan da muke kira igiya Bature ba ya ce musu rope. Ta biyu kuma, in ka ji kalmar a bakin Bature a ofis ko a labaran BBC, sau da yawa babu wata igiya a wajen kwata-kwata, salon magana ne. Dabarar da nake bi, wadda zan nuna maka, ita ce tambaya biyu. In abu ne da ake iya taɓawa, ka tambayi kanka kaurinsa da aikin da yake yi. In kuma salon magana ne, ka tambayi kanka wannan igiyar daga ina ta fito, ta jirgin ruwa ce, ta 'yan dambe ce, ta turken dabbobi ce ko ta rataye mai laifi.

Amma fara gyara bakinka tukuna. Harafin e na ƙarshe ba a faɗinsa, aikinsa kawai ya ja o ɗin ya yi tsawo, kamar a ce "roup". Matsalarmu tana kan p, tunda Hausa ba ta raba p da f ba, shi ya sa za ka ji mutum ya ce "rof", mai sauraro ya rasa rufin ɗaki ake nufi, wato roof, ko kuwa rough. In kuma ka sassauta ta koma b, to ka faɗi robe ke nan, doguwar riga irin ta alƙalai ko ta wanka. Maganin abin mai sauƙi ne, ka tsaya gaban madubi, in ka zo ƙarshen kalmar leɓɓanka biyu su haɗu su rufe ruf. In iska tana zurarewa ta tsakaninsu, f ka yi.

Yanzu kauri. Ka jera su a ranka daga siriri zuwa kakkaura. Zaren ɗinki da tela ke zurawa a allura thread ne. Wanda ya ɗan fi shi, na ɗaure ƙunshi ko bakin leda, string. Kirtani mai kaushi da ake ɗinke bakin buhun masara da shi a kasuwa, twine. Wanda ya kai kaurin biro, mai santsi, irin na labule ko na jan janareto, cord. Sai an zo kan wadda aka tufka da gaske, mai kaurin yatsa ko fiye, wadda za ta jawo guga cike da ruwa daga rijiya ko ta riƙe bijimi, to ita ce rope. Igiyar guga rope ce ba tantama, haka ta ɗaure kaya a mota, haka wadda ake jan motar da ta mutu a hanya, ita ma suna ce mata tow rope. In ta ƙarfe ce mai kauri irin ta na'urar ɗaga kaya, cable ko wire rope. Ba wai akwai wanda zai zo da ma'auni ya auna ba, amma in ka shiga shago a Landan ka ce a ba ka rope alhali kyauta za ka ɗaure wa yarinya, abin da za a miƙo maka zai iya ɗaure raƙumi.

Inda aka fi yin ɓaranɓarama shi ne abubuwan da sunansu ya bi aikinsu. Igiyar takalmi shoelace ce, ko lace kawai. Zariyar wando drawstring. Igiyar shanya clothesline, a Ingila kuma an fi cewa washing line, har ma su gajarta su ce "hang it on the line". A Najeriya za ka ji "spread it on the rope" kuma kowa ya gane, ba laifi a gida, amma ka san cewa Turancinmu ne. Igiyar jaka strap, wadda ake rataya katin shaidar aiki a wuya lanyard, ta jan kare leash ko lead, ta kamun kifi fishing line, ta cibiyar jariri umbilical cord, ta molo ko garaya string. Kafin ka ce Turawa sun cika fi'ili, ka tuna mu ma haka muke. Ta hancin raƙumi akala ce, ta kan doki ragama, ta ƙafar jaki dabaibayi, ta baka tsarkiya, kuma duk wanda ya zo maka da "igiyar raƙumi" a maimakon akala ka san ba ɗan gari ba ne. To haka kunnen Bature yake ji in ka ce "the rope of my shoe".

Akwai guda biyu da nake roƙonka da girman Allah kada ka fassara su kai tsaye. Igiyar ruwa wave ce, in kuma jan da ruwa ke yi ne a kogi current, babu rope ko ɗaya a ciki. Sai igiyar aure. Bature yana da nasa hoton, in mutane sun yi aure ya ce "they tied the knot", wato sun ƙulla ƙulli, kusa da namu ɗaurin aure ke nan. Amma zancen igiya uku, ko wane ya tsinke igiya ɗaya saura biyu, wannan namu ne, in ka ce "he cut one rope" za a tambaye ka wace igiya kuma da wace wuƙa. Ka yi bayani a fili kawai, ka ce saki ɗaya ya yi.

Nahawun kalmar ba shi da wahala amma yana da ɗan tarko. Tana shiga gida biyu. In kana nufin guda ɗaya da aka yanka, mai farko da ƙarshe, "a rope", biyu kuma "two ropes". In kuma kayan kake nufi kamar yadda za ka ce yadi ko waya, ba ka sa mata a, sai ka ce "we need some rope" ko "ten metres of rope" ko "a piece of rope". Wadda aka naɗe kamar gammo "a coil of rope". Kalmomin da ke tafiya da ita su ma ka haddace su tare: tie ɗaurewa, untie kwancewa, knot ƙulli, in ta miƙe ta yi tsam taut ko tight, in ta saki slack, in bakinta ya fara warwarewa frayed, in ta tsinke farat ɗaya "the rope snapped". Kada ka ce "the rope cut", wannan Hausa ce ka sa wa rigar Turanci, cut sai in wani ne ya sa wuƙa.

To mu shiga salon magana, mu fara da wadda ta kayar da ni. Wannan igiyar ta jirgin ruwa ce. Kafin zuwan inji, manyan jiragen Turawa iska ce ke tura su, an kafa dogayen itatuwa an ɗaura musu manyan ƙyallaye, kuma kowane ƙyalle da igiyoyinsa, wata ta ɗaga shi, wata ta sauke, wata ta juya shi ya fuskanci iska. Akwai wani jirgi da ake kira Cutty Sark wanda aka ƙera a 1869 don ɗauko ganyen shayi daga Sin, yana nan a ajiye a Greenwich cikin Landan mutane na zuwa kallo, igiyoyin da ke jikinsa in aka haɗa su sun kai mil 11. Ka ɗauka yaro ne sabon shiga, tsakar dare, ga hadari ga duhu, jirgi na tangaɗi, aka daka masa tsawa ya saki igiya kaza, in ya laluba ya saki wata daban ai ya jawo wa kowa bala'i. Saboda haka wanda ya san igiyoyi shi ne gwani. Maganar ta tsufa, tun a 1840 wani Ba'amurke mai suna Richard Henry Dana da ya yi aikin jirgi ya yi amfani da ita a littafinsa. Kuma igiya a lokacin babbar sana'a ce, a Chatham da ke Ingila tun 1618 ake tufkar igiyar jiragen yaƙi, ginin da ake tufkar tsawonsa ya kusa kwatan mil, har keke ma'aikatan ke hawa daga wannan kai zuwa wancan. Abin dariyar, su matuƙan jirgin da kansu ba su cika cewa rope ba, line suke cewa, kowace kuma da sunanta.

Yadda za ka yi amfani da ita: fi'ili uku ne ke hawa kanta. "Learn the ropes" kana koyo, "know the ropes" ka ƙware, "show someone the ropes" ka koya wa wani. Doka ɗaya ce ba ta canzawa, dole the a gaba, dole s a baya. "He knows the rope" ba Turanci ba ne, "show me the rope" kuma igiyar gaske za a nuna maka. In ka fara sabon aiki aka tambaye ka ya ake ciki, "I'm still learning the ropes" amsa ce mai kyau ƙwarai, tana nuna ba ka gama gane kan abubuwa ba amma ba ta sa ka zama kamar daƙiƙi. A intabiyu ma tana shiga, misali ka ce "I learned the ropes quickly in my last job". Sai dai ka lura, ba ilimin littafi take nufi ba. Ba za ka ce ɗalibi yana learning the ropes na lissafi ba. Ta dace da sanin yadda ake tafiyar da wuri, wa ake gani kafin wa, wane fom ake cikewa, wace ƙofa ce ba a bi, irin dai abubuwan da yaron nan ya yini yana nuna mini.

Igiya ta biyu ta 'yan damben Turawa ce. Namu damben na gargajiya da'irar 'yan kallo ce iyakarsa, su kuwa dandamali ne mai kusurwa huɗu da aka kewaye da igiyoyi, kuma in aka matsa wa ɗan dambe da duka har bayansa ya jingina da su, ba gaba ba baya, to an ce "he's on the ropes". Daga nan 'yan jarida suka ɗauka. Kamfanin da bashi ya yi wa katutu, firaministan da 'yan jam'iyyarsa suka fara juya wa baya, kulob ɗin da aka ci biyu kuma ana ta kai masa hari, duk "on the ropes". Ma'anar ita ce yana tangal-tangal, an ƙure shi, saura ƙiris. Abin da mutane ke mantawa shi ne bai faɗi ba tukuna. In kamfani ya riga ya rufe ba ka ce masa on the ropes, wannan an wuce wajen. Kuma on ne, ba in ba, ba at ba.

Ba zan wuce nan ban taɓo Muhammad Ali ba. Ranar 30 ga Oktoba 1974 a Kinshasa, lokacin ƙasar tana Zaire ƙarƙashin Mobutu, ya kara da George Foreman. Ali yana da shekara 32, Foreman 25, ƙato ne da ba a taɓa doke shi ba a damben kuɗi, kusan kowa ya sallama cewa Ali zai sha kashi. Sai mutumin ya koma ya jingina da igiya da gangan, ya kare fuskarsa, ya bar Foreman yana ta jibga har hannu ya yi nauyi, a zagaye na 8 ya taso masa ya kai shi ƙasa. Wannan dabarar ita ake kira "rope-a-dope", dope ɗin a nan wawa ke nan. Har yau Amurkawa na amfani da ita a siyasa da kasuwanci, in mutum ya yi lamɓo kamar an gama da shi don abokin hamayya ya ƙarar da ƙarfinsa. Ba kalmar da za ka buƙata kullum ba ce, amma in ka ji ta ka san daga Afirka ta samo labarinta.

Ta uku ta dabbobi ce, kuma a nan kalmar takan koma fi'ili. Makiyayan shanun Amurka, 'yan kaboyi, suna wurga igiya mai zarge su cafko maraƙi yana gudu, wannan aikin shi ne "to rope". To in aka ce "I got roped in" ko "they roped me into it", mutum yana cewa an jawo shi cikin wata hidima da bai yi niyya ba. Ka je gaida abokinka kawai, ka tarar ana shirin biki, kafin ka ankara an ɗora maka ɗaukar kujeru da rabon katin gayyata, to an yi roping ɗinka ke nan. Ginin jimlar iri biyu ne, "she roped me in to help" ko "she roped me into helping", in ka sa into fi'ilin da ke biye yana ɗaukar ing. Yawanci ƙorafi ne na wasa, ana faɗi ana murmushi, amma in laifi ne ake magana, kamar a ce an jawo yaro cikin damfara, tana iya yin nauyi. Kada ka haɗa ta da "rope off", wannan kewaye wuri ne da igiya don kada a shiga, kamar yadda ake yi wa jikakken siminti ko wajen zaman manyan baƙi, "the area was roped off".

Har yanzu muna wajen dabbobi. Ka san akuyar da aka ɗaure a turke, ta cinye ciyawar da ke kusa, ta ja ta ja har igiya ta ƙare, wuya ya shaƙe, ga ciyawa tana gani ba dama. Wannan hoton shi ne "I'm at the end of my rope", tura ta kai bango, haƙuri da dabara duk sun ƙare. Ba'amurke ke cewa rope, ɗan Ingila "at the end of my tether" yake cewa, tether ɗin ita ce igiyar turke. A nan babu s, kuma igiyar ta mai ita ce: my rope, her rope, his rope. Uwar da jariri ya hana barci kwana uku za ta faɗe ta, haka wanda ya yi wata shida yana zarya a kan fansho. Magana ce mai nauyi, in wani ya faɗa maka ita ba wajen dariya ba ne, ka tambaye shi me ke faruwa. Kai ma kada ka ɓata ta a kan an ɗauke wuta na minti goma.

Wadda ta fi burge ni ita ce "give him enough rope", don Bahaushe yana da irinta sak, wato talala. Ka sakar wa mutum igiya ya yi ta yawo yana ganin ba a ganinsa. Cikakkiyar maganar ita ce "give him enough rope and he'll hang himself", ka ba shi isasshiyar igiya zai rataye kansa da kansa, amma sau da yawa rabin farko kawai suke faɗi su yi shiru, kowa ya san sauran. Ka ga a nan mun shigo igiya ta huɗu, ta rataya. A tsohon Turanci in aka ce "the rope" haka kawai, hukuncin kisa ake nufi, kuma Birtaniya ba ta daɗe da bari ba, ratayar ƙarshe a 1964 aka yi ta, a 1965 majalisa ta dakatar da hukuncin a kan laifin kisan kai. Shawarata a nan, ka gane ta in ka ji, amma ka yi hattara da faɗinta. A Amurka musamman, igiya mai zarge, wadda suke kira noose, tana tuna wa baƙaƙen fata zamanin da gungun fararen fata ke rataye su a bishiya ba shari'a, saboda haka wasa da zancen igiya da wuya a wajen aiki yana iya raba mutum da aikinsa. A imel na ofis ni ba na rubuta ta ko kaɗan.

Akwai biyu da a bakin 'yan Ingila za ka fi jin su, Ba'amurke ma sai ya tsaya tunani. Ta farko "ropey", wasu su rubuta ropy. Abu ne mara inganci, wanda ba a yarda da shi ba. Akwalar mota ropey ce, intanet mai zuwa yana ɗaukewa ropey ne, in kuma mutum ya ce "I feel a bit ropey" jikinsa ne ba daɗi, ba ciwon asibiti ba, irin dai ka tashi kana jin kanka wani iri. Ta biyu "money for old rope", kuɗin banza, an biya ka a kan abin da bai kai ya kawo ba, cin bulus ke nan. Tsohuwar igiya dama a Ingila ta da ba a zubar da ita, ana sa fursunoni da talakawan gidajen gajiyayyu su yi ta warware ta da yatsu, a cuɗa zaren da kwalta a toshe tsagar katakon jirgi. In abokinka ya gaya maka an biya shi dubu hamsin don ya zauna a taro na awa ɗaya ya yi tafi, "that's money for old rope" ita ce amsar. Amma da raini a cikinta, kada ka faɗe ta a kan sana'ar mutum a gabansa.

Sauran ƙanana ne, zan bi ta kansu da sauri. Tsallen igiya na yara da 'yan motsa jiki, Amurka jump rope, Ingila skipping, igiyar kuma skipping rope. Wasan jan igiya tug of war ne, babu rope a sunan, kuma ka san har a gasar Olamfik an yi shi daga 1900 zuwa 1920. Tightrope ita ce igiyar da ake miƙewa a sama mai wasa ya taka, shi ya sa "walking a tightrope" ke nufin mutum yana tsaka mai wuya, kamar mai sasanta uwarsa da matarsa. Sai gargaɗi ɗaya, akwai maganganun da string ne a cikinsu, kada ka musanya. "Pull strings" shi ne amfani da hanya, wato mai uwa a gindin murhu, "no strings attached" kuma kyauta ce ko taimako ba tare da wani sharaɗi a ɓoye ba. Na taɓa jin wani ya ce "my uncle pulled ropes for me", an gane shi dai, amma sai da aka ƙunshe dariya.

In kana son su zauna maka, kada ka haddace su a jere kamar karatun allo. Ɗauki uku kawai da za ka buƙata a satin nan, ni zan ce learn the ropes, roped in da on the ropes, ka ƙirƙiri jimla ɗaya-ɗaya a kan rayuwarka ta gaske, sabon aikinka, hidimar da aka jawo ka ciki, kulob ɗin da kake goyon baya. Ka tura wa wani a WhatsApp, ka faɗe su da baki kana rufe leɓe a kan p ɗin. In kana sauraron sharhin ƙwallo ko labaran siyasar Birtaniya ka kasa kunne, on the ropes ba ta wuya za ta fito, in ta fito ka tsaya ka duba wa aka faɗa wa kuma a wane hali yake. Kuma in takarda ce ta hukuma, ko jarrabawa, ko wasiƙar neman aiki, ka fi samun kwanciyar hankali da kalma ta kai tsaye, ka bar ropey da money for old rope wa hira.

Af, na manta ban ƙarasa muku labarin sito ba. Bayan kamar sati uku ranar ƙirgar ta zo da gaske, za a rufe lissafin wata. Oga ya leƙo daga ofis da tabarau a goshi, ya nuna lungun nan da biro ya ce "count those coils for me, will you". Na tsaya ina kallonsa, don a lokacin coil ɗaya na sani a duniya, na sauro.